Ko abinci na ƙara tsawon kwana? Amsa ga wani malami a Tudun Wada

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Tudun Wadan Zariya, shekaruna 52. Watan jiya aka auna ni aka ce ina da hawan jini, likita ya ce in gyara cimata in ina son ganin auren jikokina. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, kakana ya haura shekara ɗari, kuma bai taɓa sanin wata doka a kan abinci ba, man shanu ma kwarara shi yake yi a tuwo. Sannan mun san ajali a rubuce yake. Shin da gaske abinci na ƙara tsawon kwana? In haka ne, me mai albashi irina zai ci, tunda man zaitun da tuffa da ake ta faɗa sun fi ƙarfin aljihuna?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan kaka.

Maganar ajali ba fagena ba ne, ga malamai nan cike da Birni, su za su warware maka ita yadda ya kamata. Abin da zan ce kawai, arziki ma a rubuce yake, amma ban taɓa ganin manomin da ya rataye fartanya da damina yana jiran rubutun ba. Shi kansa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Kuma in gaya maka gaskiya, a shekarun da na yi ina duba masu hawan jini da ciwon suga, ba ranar mutuwa ce ta fi tayar mini da hankali ba. Mutum ne ɗan shekara 55, da safe ya tafi aiki da ƙafarsa, da yamma a kawo shi ɓarin jiki a shanye, baki a karkace. Irin wannan yakan yi shekara bakwai ko takwas a kwance, ana juya shi, ana kwashe masa, fansho ya ƙare a magani, yara su bar makaranta. Kwana kam ya yi tsawo, sai dai wane irin kwana? To a nan ne abinci ke da hannu dumu-dumu.

Mu koma kan kaka. Da farko, wa ya rubuta ranar haihuwarsa? Tsofaffinmu da sarauta suke lissafi, a ce wane ya yi wayo kafin a naɗa Sarki Ja'afaru, wato kafin 1937, daga nan kowa ya ƙara abin da ya ga dama. Ba mu kaɗai ba ne. A Japan, ƙasar da ake buga misali da ita wajen tsufa, a 2010 hukuma ta bi rajista sai ta tarar da sunayen mutum fiye da 230,000 da takarda ta ce sun haura ɗari amma babu su babu labarinsu. Amma mu ɗauka ya kai ɗarin. Su nawa aka haifa a ɗakinsu, kuma nawa suka kai ko da arba'in? Agana da ƙyanda da sanƙarau sun kwashe na kwashewa, shi da ya tsira shi muke gani muna misali da shi. Har yau matsakaicin tsawon rai a Najeriya bai wuce shekara 54 zuwa 55 ba, kuma mutuwar ƙananan yara ce ke jawo lissafin ƙasa. Gado ma yana da nasa rabo, amma binciken da aka yi a kan tagwaye a ƙasar Denmak ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na bambancin tsawon rai ke bin jini. Sauran yana ga yadda aka rayu.

Yanzu tuna yadda kakan ya rayu. A ƙafa yake zuwa gona, ya wuni a sunkuye, ya dawo a ƙafa. Man shanun nan da kake tunawa, a kan tuwon dawa yake zuba shi, da miyar kuka ko karkashi da aka kaɗa da daddawa. Bai san dunƙulen magi ba sai da ya tsufa. Zaƙinsa ɗan mazarƙwaila ne ko karan rake in an kawo daga wajen Maƙarfi. Nama sai ranar kasuwa, ko suna, ko Sallah. Amma man shanun kaɗai kake tunawa, ba ka tuna sauran ba. Kai kuwa mashin ke kai ka makaranta, ka wuni tsakanin allo da kujera.

Me masu bincike suka gano? A 2019 mujallar likitanci ta Lancet ta fitar da wani babban lissafi na ƙasashe 195, wanda ya danganta mutuwar mutum miliyan 11 a shekarar 2017 da yanayin cima. Abubuwa uku ne a sahun gaba: yawan gishiri, ƙarancin hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba, da ƙarancin 'ya'yan itace. Ka lura, biyu daga cikin ukun rashi ne, abin da mutane ba sa ci. A 2022 kuma masana a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe suka yi ƙiyasin cewa ɗan shekara 20 da ya bar cimar Turawa ta yau da kullum ya koma mai kyau zai iya samun ƙarin shekara goma ko fiye, ɗan shekara 60 kuma wajen takwas. Ƙiyasi ne, kuma da alƙaluman Amurka aka yi shi, saboda haka kada ka ɗauke shi kamar alkawari. Abin da ya ja hankalina shi ne abincin da ya zo na ɗaya wajen riba: dangin wake. Sai hatsi mai dusa, sai dangin gyaɗa. Ban ga tuffa a saman jerin ba.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne binciken SIREN a kan shanyewar ɓarin jiki, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya. An kwatanta marasa lafiya sama da 2,000 da takwarorinsu masu lafiya, aka buga sakamakon a 2018. Hawan jini ne uban tafiya, kusan tara cikin goma na shanyewar jiki ana iya jingina su gare shi. Kuma waɗanda ba sa cin ganye a kai a kai, haɗarinsu ya haura ninki biyu na masu ci. An kuma samu ƙarin haɗari ga masu barbaɗa gishiri bayan an zubo abinci, da masu cin nama kullum. Wannan mutanenmu aka auna, masu cin irin abincinmu.

To ina ganye da wake da gyaɗa da hatsi suke haɗuwa a tukunya ɗaya? A fate. Abin da Kanawa da Katsinawa ke tsokanar Zage-zagi da shi tun fil azal. Dubi tukunyar fate da kyau: tsakin masara, rama ko yakuwa har ta rinjayi tsakin, dakakkiyar gyaɗa, wake, gauta, albasa, tarugu, daddawa, ga ruwa wadatacce da ke cika ciki tun kafin a yi ɗibar karan mahaukaciya. Da a ce daga Sifaniya aka kawo shi da suna mai wuyar faɗa, da yanzu ana sayar da shi a manyan shaguna. Na sha ganin gidajen da suka mayar da fate abincin ranar babu, ana jin kunyar baƙo ya tarar ana sha, amma ana tinƙaho da taliya da soyayyen ƙwai. Ni a wurina an yi musayar doki da jaki. Haka kwaɗon zogale da ƙuli, dambu mai ganye, ɗanwake, alale, miyar taushe da kabewa, faten wake da alayyafo. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wake dai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, yana daɗewa a ciki, kuma ba ya ɗaga suga da sauri kamar farar shinkafa. Kana zaune a garin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke fitar da irin wake da dawa da gyaɗa zuwa faɗin Arewa. In za a dafa shinkafa da wake a gidanka, a juya lissafin: waken ya kai rabi ko ya fi, maimakon ƙwaya ɗai-ɗai kamar an yi masa gayyar dole.

Amma ko fate ana iya lalata shi, kuma a nan zan daɗe, don kai mai hawan jini ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a wuni, wato kusan cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke ɓoye cikin burodi, garin ɗanɗanon indomi, kifin gwangwani, yajin tsire da magi. Ƙaramin dunƙulen magi giram 4 ne, kusan rabinsa gishiri. Nakan roƙi matan gida kada su zubar da takardun magi na wuni guda, su tara su kawo mini. Wata baiwar Allah daga Gyallesu, mijinta na fama da hawan jini, ta kwance bakin zaninta ta zube mini takardu goma sha ɗaya a kan tebur, tana dariya tana cewa ai ranar ma ba a yi baƙi ba. Su takwas ne a gidan. Muka lissafa tare: giram ashirin da ɗoriya, kowa ya tashi da fiye da rabin ƙa'idarsa ta wuni daga magi kaɗai, tun ba a taɓa robar gishiri ba, ba a zo kan farin magi ba, ba a zo kan yajin da shi ma da magi aka daka shi ba. Dariyar ta tsaya. Ba ta san tana yi ba, kuma ba laifinta ba ne, haka ta taso ta ga ana yi, kuma in miya ta yi lami ita ce za ta sha magana.

Gishiri na riƙe ruwa a jini, jini ya ƙaru, jijiyoyi su yi ta ɗaukar matsi shekara da shekaru har su ƙage, wata rana ƙaramar jijiya a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe. Ƙoda ma tana shan nata. Kuma an lura jikin baƙar fata ya fi saurin amsa gishiri da hawan jini, ga shi kusan ɗaya cikin uku na manya a Najeriya na ɗauke da shi, da yawa ba su ma sani ba. A ƙasar Sin an yi gwaji a ƙauyuka 600 da mutum kusan 21,000, aka ba rabinsu gishirin da aka rage masa sodiyam, wato sinadarin cikinsa mai ɗaga jini, aka sa wani sinadari mai suna fotasiyam. Bayan shekara biyar, shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari a cikinsu, mutuwa ta ragu da kashi 12. Gishirin kawai aka canza. Sai dai mai ciwon ƙoda, ko mai shan wasu magungunan hawan jini, bai kamata ya taɓa irin wannan gishiri ba sai da izinin likitansa.

Kanwa fa? Mutane da yawa ba sa lissafa ta, alhali ita ma sodiyam ce, 'yar'uwar gishiri. Zariya na da tarihi a kan wannan. A shekarun 1970 Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson sun yi rubuce-rubuce a kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a nan, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da likitocin zuciya na Najeriya suka yi daga baya ya nuna lamarin ya fi haka faɗi, akwai hannun ramewar jiki da talauci da hawan jinin masu ciki. Duk da haka, ga mai hawan jini, kanwar da ake jefawa a wake da miyar kuɓewa da ɗanwake a rage ta iya yiwuwa. Waken da aka jiƙa tun dare ba ya buƙatar ta. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta, masoro da busasshen kifi za su rufe gurbin magi, kuma harshe na sabawa cikin 'yan makonni, har ka ci abinci a wani gida ka ji gishiri ya yi maka yawa.

Sai sukari. Tsaya wurin mai shayi a Kwangila da sassafe ka ƙirga da idonka: cokali uku, huɗu, wani ya ce a ƙara, ga madara mai zaƙi, ga rabin burodi, ga indomi biyu. Kafin ƙarfe takwas an gama da rabon wuni. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai wajen giram 50 a wuni, cokalin shayi 12 ke nan, kuma ta ce rabin haka ya fi. Robar lemo guda mai rabin lita na ɗauke da cokali 12 zuwa 13. Harajin naira 10 a kan kowace lita da gwamnati ta ɗora wa lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021 bai hana kowa sha ba. Kada kuma ka ce ai kai na gargajiya kake sha, don kunun zaƙi da zoɓon da ake ƙullawa a leda ba su da sauƙi, fura ma yanzu sai an zuba mata sukari kamar ana gaba da shi. Zoɓo shi kansa, in ba sukari, an gwada an ga yana ɗan sauke hawan jini. Na ce ɗan saukewa. Ba ya maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta maka, kuma na ga waɗanda suka ajiye magani suka kama zoɓo da tafarnuwa, ƙarshen abin bai yi kyau ba.

Akwai wani abu da ke ba ni takaici a bakin inji. A kawo masara a surfe ta fes, a bushe dusar a sayar wa masu awaki, mu kuma mu ɗauki farin gari mu tafi muna murna tuwo zai yi kyau a ido. Ƙwayar da ke tsira da ɓawon da ke rage gudun suga a jini, ya gyara bayan gida, ya ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani a hanji, duk sun tafi wurin akuya. Ba mamaki akuyar ke sheƙi. Likitan nan Denis Burkitt, da ya daɗe yana aiki a Uganda, tun wajen 1970 ya lura cewa cutar dajin hanji da basir da cushewar ciki sun yi ƙaranci a ƙauyukan Afirka masu cin hatsi da dusarsa, sun yi yawa a Turai. A niƙa dawa ko gero ba tare da surfe mai tsanani ba, ko a haɗa rabi da rabi har a saba. Acca ma tana nan, daga kudancin Kaduna ake kawo ta.

Man zaitun ka bar shi a shago. Man gyaɗa mai kyau danginsa ne ta fuskar irin kitsen da ke ciki. Manja kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, amma jansa na ɗauke da abin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, sai dai in an soya shi har ya yi fari ya yi hayaƙi an kashe amfanin. Matsalarmu yawa ce, miya ana ganin fuska a samanta, da kuma man suyar ƙosai da awara da ake maimaitawa har ya koma baƙi.

Gyaɗa kuwa tana da sharaɗi. Wadda ta sha danshi ta yi funfuna tana ɗauke da guba mai suna afulatoksin, haka ma masarar da ba ta bushe da kyau ba. An gano gubar ne bayan ta kashe talo-talo kusan 100,000 a Ingila a 1960, kuma a 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Tafasa ba ta kashe ta. A hankali take cin hanta, in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a cikinmu, haɗarin dajin hanta ya ninka sau da yawa. Ƙwayar da ta yanƙwane, ta canza launi ko take ɗaci, a tsince a zubar, kuma ƙuli mai arhar banza a tambayi da wace gyaɗa aka yi shi.

Nama ba zan ja ba, tsadarsa ta riga ta yi wa yawancinmu doka. Gargaɗin na mai tsayawa wurin mai tsire kowane dare ne. Kifi, ƙwai, nono da awara sun wadatar, kuma in shekaru sun ja kada a bar tsoho da koko zalla, jikinsa na buƙatar abin gina tsoka. 'Ya'yan itace kuma a bi lokaci: mangwaro da bazara, gwaiba, gwanda, lemo, kankana, yalo, har goruba da magarya da kanya. Abin da ake so giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a wuni, kamar cikin tafin hannu biyar. Abin da ke arha a kasuwar Sabon Gari a wannan makon, shi ne naka.

Game da yawan ci, ba ni da abin da ya fi hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri kamar cikinsa ba, in ya zama dole to kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Mun haddace shi, amma malmala uku ake ajiye wa maigida da dare, ya tashi da su ya bi lafiyar gado. Tumbin da ake kira alamar hutu, kitsen da ke cikinsa shi ne mai jawo suga da hawan jini. Malmala ɗaya da miya mai yawa ta fi uku da miya a gefe.

Kada ka sa a riƙa yi maka tukunya daban. Na gwada wannan da mutane da yawa, ba ya wuce wata guda, uwargida ta gaji, kai ma ka ji kamar an ware ka. A gyara tukunyar gida gaba ɗaya, yaranka ma jininka ne, kuma harshen da aka saba wa gishiri tun yarinta shi ke wahalar da mutum a shekara hamsin. Ka zauna da uwargida ku yi maganar cikin daɗi, kada ta ji kamar ana kushe girkinta. Ku fara da raba magi biyu a wannan makon, a ɗauke gishiri daga kan tabarmar cin abinci, fate ko wake su shigo sau uku a mako, shayinka ya koma cokali ɗaya. In akwai hali ka bar mashin a gida wasu ranakun ka taka zuwa makaranta. Maganinka kuma kullum, ko ka ji garau, don hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo.

Ka samu ƙaramin littafi, irin na 'yan ajinka, ka riƙa auna jinin sau biyu a mako a kemis ɗin unguwa, ka rubuta kwanan wata da lambobin biyu, na sama da na ƙasa. Bayan wata biyu ka kai wa likitanka littafin, ka roƙe shi ya haɗa maka da gwajin suga da na ƙoda.